Kafin Ciki Ya Fito

Wata daga cikin ɗaliban da ake turo mana koyon aiki ta tsaya a bayana rannan ina duba mata a jere, sai na ji ta ce wa ƙawarta ƙasa-ƙasa, "Ashe wannan ne aikin? A shafa mai, a goga, a ciro takarda." Na ci gaba da aikina, don akwai mata a kan benci suna jira. Amma da yake yawancinku haka kuke gani, ni kuma na kusa ajiye aiki, bari in zauna in gaya muku yadda na koyi hoton ciki, wanda kuke cewa sikanin, da abin da yake nema a wurin mai yin sa.

Ni ungozomar asibiti ce tun asali. A Gusau na fara, tsakanin ɗakin awo da ɗakin haihuwa. Kayan aikinmu a lokacin tafin hannu ne, da tef ɗin awo, da wani ƙaho na ƙarfe da ake kafawa a kan cikin mace a sa kunne a saurari zuciyar ɗa. Ƙahon nan ba ya jin komai sai ciki ya kai wajen wata biyar. Abin da ke faruwa kafin nan a zanen allo kawai muka san shi. Su ma matan ba su zuwa kafin nan. Kun san halinmu, mace ba ta faɗin ciki, balle na fari. Sai zane ya fara ƙin ɗauruwa sannan uwar miji ta ce a je awo.

Da aka kawo na'urar hoto asibitinmu, mutum ɗaya ne ya iya ta: Malam Bawa, wani dattijo mai ɗaukar hoton ƙashi wanda aka tura ya koyo. Sai mata suka ƙi. Mace za ta zo tun daga ƙauye, ta leƙa ta ga namiji ne, ta gyara lulluɓinta ta juya. Shi ne babbar sistarmu ta kira ni ta ce in je in zauna wurinsa in koya. Na tafi ina ganin mako biyu ya ishe ni.

Ranar farko bai bar ni na taɓa kowa ba. Kwano ya ajiye mini a kan tebur, cike da koko mai kauri da ya huce ya daskare. Ya ce, "Akwai abu ciki. Ki nemo shi da na'ura, ba da yatsa ba." Ashe yatsan safar hannu ya yanke, ya cika shi da ruwa, ya jefa ƙwayar wake ɗaya, ya ɗaure ya binne a cikin kokon. Na ɗora kan na'urar, wato ɗan abin nan da ake riƙewa a hannu ana gogawa, na dubi allo, ban ga komai ba sai toka-toka kamar talabijin ya rasa tasha. A wannan kwanon na koyi cewa ruwa baƙi yake fitowa, abu mai tauri fari, iska kuma tana makantar da na'ura. A nan na koyi cewa ido yana kan allo, hannu kuma yana can yana tafiya shi kaɗai, kuma in kika karkata shi da faɗin farce kin bar wurin da kike. Da na iya gano wake sai ya koma dawa, daga dawa ya koma gero.

Wata safiya na daɗe ina nema, can na nuna wani ɗigo na ce ga shi. Ya ce, "Mi kinka gani?" Na ce gero. Ya miƙo mini cokali ya ce in tona. Na tone kwanon kaf, babu komai a ciki. Ranar bai sa komai ba. Ya ce, "A wanga aiki babu maganar da ta kai 'ban gani ba' wuyar faɗi. Mutane na bakin ƙofa suna jiran ki ce wani abu. Ki koyi faɗin ta tun yanzu."

Sai kuma kwalabensa. Malam Bawa ya saba da mahauta. Idan aka yanka tunkiya ko akuya aka tarar da ƙaramin ciki ba a sani ba, sukan ajiye masa mahaifar. Ya buɗe a hankali ya ciro ɗan tayin, ya sa a kwalba da ruwan magani. Ya jera su a kan kanta daga ƙarami zuwa babba. Ya ce a makonnin farko ɗan tunkiya da ɗan mutum sun yi kama ƙwarai, don haka in cika idona da su kafin in nemi inuwarsu a allo. Na ɗauki ƙaramar kwalbar na kai taga. Wani ɗan abu ne a lanƙwashe kamar wake da aka jiƙa, kai ya fi rabin jiki, ga ɗigon baƙi wurin ido, ga 'yan tsiro huɗu inda ƙafafu za su fito, ga kuma 'yar wutsiya.

Ya ce, "Ke ma kin yi wutsiyar ga. Ni ma na yi."

Na ce, "A'uzubillahi, Malam!"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Allah ya janye ta kafin wata ukku. Dubi kwalba ta gaba."

Allah ya jiƙan Malam Bawa. Duk abin da hannuna ya iya, daga wurinsa ne. Su ma mahautan nan da ban san sunan ko ɗaya ba, Allah ya saka musu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowane da halinsa. Na farko ruwan sha ne. Ƙaramin ciki yana can ƙasa a ɓoye bayan hanji, kuma hanji iska ne. Sai mafitsara ta cika ta ture hanjin ta zama taga. Shi ya sa kuke ganin mata a benci da ledar ruwa suna matse ƙafa suna harararmu. Kada ki bar mai ƙaramin ciki ta jira bayan mai wata takwas, ba za ta iya riƙewa ba, a koma farko. Man da ake shafawa, jel, shi ke korar iskar da ke tsakanin fata da na'ura. Lokacin sanyi nakan tsoma robarsa a ruwan ɗumi. Kan na'urar ba ya faɗuwa ƙasa ko sau ɗaya, kuma ba a naɗe wayarsa kamar igiyar guga. Akwai zane da nake rufa wa mace, iya wurin da zan duba kawai nake buɗewa. Sai ɗan faifan kwali na lissafin makonni. Mu daga ranar da al'adar ƙarshe ta fara muke ƙirga ciki, ko da yake shigarsa ta ainihi sai bayan kamar mako biyu. Macen ƙauye ba za ta ba ki kwanan wata ba. Ki tambaye ta, "Kin sha azumi don wanki? An yanke gero ko ba a yanke ba?" A nan za ki samu.

Daga Gusau aka mayar da ni Tsafe, da wata 'yar na'ura da janareto mai gardama. A can na yi aikin da ya fara nuna mini amfanin abin da na koya. Wata mai ƙuli-ƙuli ce daga 'Yandoto, mijinta ya kawo ta a babur da hantsi. Ta yi ɓatan wata kusan biyu, tana ganin ɗan jini, gefen mararta na dama yana suka. A gida an riga an yanke cewa ɓari ne, gudan jini ne kawai zai fita, magani suka zo karɓa. Gwajin fitsari ya nuna ciki. Na ɗora na'ura, mahaifa fayau, babu komai.

To ga abin da ya kamata ku riƙe. Ciki ba a mahaifa yake farawa ba. Ƙwan mace da maniyyin namiji a wani siririn bututu suke haɗuwa, wanda ya taso daga ma'ajiyar ƙwai zuwa mahaifa. Su zama ƙwaya ɗaya da ba ta kai tsinin allura ba. Ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu takwas, tana rabuwa tana gangarowa, kamar mako guda kafin ta iso mahaifa ta nutse a bangonta. A nan wani sashe zai zama ɗa, wani ya zama mabiyiya. Duk wannan yana gamawa mace ba ta ma yi ɓatan wata ba. Amma wani lokaci ƙwayar takan maƙale a hanya ta kafu a bututun. Bututun kuwa ba ya buɗewa kamar mahaifa. Ɗa na girma, sai ya fashe.

Na matsa da hannuna dama a hankali. Ga ɗan zobe a gefe, inda bai kamata ba. Ga kuma baƙin ruwa ya fara taruwa a bayan mahaifa, kuma na san jini ne. Na kira likitanmu ya duba, ya ce a wuce Gusau yanzu, don ranar ba mu da jinin ƙari.

Mijin ya ce, "Malama, da ƙafarta fa taz zo. Mu koma in shaida ma iyayenta, gobe mu tahi."

Na ce, "Malam, da ƙafarta ta zo, amma in kuka koma gida ba da ƙafarta za ta dawo ba. Jini ne ke zuba a cikinta inda ba ka gani."

Ya dube ni, ya dubi matarsa da ke zaune tana gyara ɗankwali. Sai ya fita a guje ya nufi tasha. Wani direba da motarsa ta kusa cika ya roƙi fasinjojinsa suka sauka, ya zo har ƙofar asibiti. Kafin su kai Gusau ta fara suma. An yi mata aiki, an cire bututun, ta tashi. Ban taɓa sanin sunan direban nan ba, amma ina sa shi a addu'a.

Shekarar da ta fi kowace tsanani a Bunguɗu ta same ni. Ita ce shekarar da 'yan bindiga suka hana mutanen ƙauyuka noma, jama'a suka kwararo cikin gari suka cika zauruka da kangaye. Matan da da suke tsinko zogale da rama a bayan ɗaki suka koma cin tuwo da ruwan gishiri. Kayan asibiti suka riƙa yankewa saboda hanya. Takardar hoto ta ƙare, na koma zana abin da na gani da biro. Jel ya ƙare, wata abokiyar aikina ta koya mini dama garin rogo da ruwa da ɗan gishiri a tafasa a tace, kuma ya yi aiki. Mai kula da janareto, wani dattijo, yakan rage wa kansa hutu don ya ba ni wuta in gama layi. A shekarar na ga ɓari da yawa, na ga jarirai ƙanana kamar 'yan tsana. Ba zan ce muku ga dalilin kowane ba, don ban sani ba. Na dai san yunwa da firgici ba su taimaki kowa ba.

A cikin wannan layin Rabi ta zo. Yarinya ce doguwa, mai shiru, daga wani ƙauye bayan duwatsun Kwatarkwashi. Uwar mijinta ce ta kawo ta, Inna Kulu, wata gajeriyar tsohuwa mai kaifin ido. Cikin wata bakwai ne amma ya yi girman na haihuwa. Na bi ƙashin bayan ɗan daga wuya ina gangarowa. Ƙashin baya a allo layi biyu ne farare suna tafiya tare kamar layin dogo. Da na iso ƙugu sai layukan suka buɗe, ga wata jaka ta ɓullo waje. Na koma kai, ruwa ya taru a ciki. Na kira likita, ya gani, muka zaunar da su muka faɗa musu. A Gusau ta haihu. Yaron ya yi 'yan kwanaki ya koma.

Bayan an share makoki sai ga Inna Kulu ita kaɗai. Ta jira har na sallami kowa, ta shigo ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Malama, ni ba kuka ya kawo ni ba. Wanga shi na na biyu. Na farin a gida anka haihe shi, da baya buɗe, bai kwana ba. Mutane na cewa iskan dutse na, wasu na cewa wani abu tac ci. Ɗiyar ƙanwata ta, ni nar riƙe ta. Ki faɗa min gaskiya, yarinyar ga na da laihi?"

Na ce, "Inna, ba ta da laifin komai. Abin nan yana faruwa tun ita kanta ba ta san tana da ciki ba."

Ta ce, "To babu abin yi?"

Na ce akwai, amma ba alkawari ba ne. Na kai ta wurin likita. Ya rubuta wa Rabi folik asid, 'yar ƙwayar nan rawaya da ake ba masu awo, amma mai ƙarfin da ake ba wadda abin ya taɓa samu. Ya ce ta huta wasu watanni, ta fara sha kullum tun kafin wani cikin ya shiga, kada ta jira. Ya ce yana rage hatsarin sosai, sauran kuma na Allah ne.

Ba a yi wata ba Inna Kulu ta dawo, wannan karon tana gaba, wani dogon mutum na bin ta yana cin magani. Lawali ke nan, mijin Rabi. Tun da gona ta gagara ya koma kasuwar hatsi yana ɗinkin buhu da dako. Ya ga matarsa na haɗiyar ƙwaya kullum alhali ba ta da ciki ba ta da ciwo, wani abokinsa ya ce masa ai maganin hana haihuwa ne asibiti ke ba mata a ɓoye. Ya karɓe ya hana.

Bai zauna ba. Ya ce, "Malama, ɗiya biyu na binne. Yanzu kuma a ce kar in samu ko ɗaya?"

Na ce ya zauna, ya zauna. Na yago 'yar takarda doguwa na shimfiɗa a tafin hannuna. Na ce masa ɗa a farkonsa haka yake, a shimfiɗe, bai kai ƙwayar riɗi ba. Sai tsakiyar bayansa ta lotsa, gefe da gefe su taso su haɗu. Na naɗe takardar ta zama bututu. Na ce haɗuwar daga tsakiya take farawa, ta yi sama ta yi ƙasa. Saman ya zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama lakar da ke cikin ƙashin baya. In bakin ƙasa bai rufe ba, shi ne abin da ya gani a bayan 'ya'yansa.

Ya karɓi takardar yana juyawa. Ya ce, "Kamar bakin buhu da ba a kai ɗinki ƙarshe ba."

Na ce, "Haka ne."

"To ai ba ta da ciki. Mi za a ɗinke?"

Na ce, "Malam Lawali, ɗinkin nan ana gama shi kamar mako biyu bayan ɓatan wata. Lokacin ko kai ba ta faɗa wa ba. In ta jira sai ta zo awo, an daɗe da wuce wurin. Dole maganin ya riga cikin zama a jikinta. Kai ma ba ka bari sai an cika buhu sannan ka tafi neman zare."

Ya sake juya takardar a hannunsa. Can ya ce, "Kuma ba ya hana haihuwa?"

Inna Kulu ta ce, "Kai Lawali, in na hana haihuwa na, ni za ni kawo ma ɗiyata shi? Jika nika nema."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ledar maganin, ashe yana tafe da ita, ya miƙa wa uwarsa. Daga baya Rabi ta gaya mini shi ya koma mai tuna mata kowace safiya kafin ya fita kasuwa. Inna Kulu kuma ta dasa zogale a fasasshen bokiti a gidan da suke zaune, ta riƙa haɗa mata da wake da alayyafo duk ranar da aka samu.

Damina ta wuce, kaka ta shigo. Wata safiya na ɗaga kai na gan su a ƙofa, Rabi ta ja hijabi har hanci don kunya. Inna Kulu ta raɗa mini, "Ta yi ɓatan wata. Ko mako ba a yi ba. Kin ce mu zo da wuri." A duk shekarun aikina ba a taɓa kawo mini ciki ƙarami haka da gangan ba. Gwajin fitsari ya nuna. Na duba, na sake dubawa, bangon mahaifa ya yi kauri amma babu abin da zan nuna. Na ce, "Ban gani ba tukuna. Ya yi ƙanƙanta. Ku ci gaba da magani, ku dawo bayan mako biyu." Fuskar tsohuwar ta faɗi, amma ta ce to.

Da suka dawo, ga 'yar baƙar jaka a tsakiyar mahaifa, daidai inda ake so. A cikinta ga wani ɗan farin zobe, wanda ɗa ke rayuwa da shi kafin mabiyiya ta kama aiki. A jikin zoben ga wani ɗan tsinke da bai fi ƙwayar shinkafa ba, tsakiyarsa na ƙyaftawa da sauri. Na juya musu allon.

Inna Kulu ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta ce, "Wanga ɗan ƙyaf-ƙyaf ɗin mi na na?"

Na ce, "Zuciya ce."

"Ina hannu? Ina ƙafa?"

"Ba a yi su ba tukuna."

Ta ja da baya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ba a yi mai hannu ba anka yi mai zuciya."

Suka tashi tafiya. A bakin ƙofa Rabi ta juyo ta ce, "Anti, bayan fa?" Na ce mata gaskiya: a 'yan kwanakin nan ne ake gama rufe shi, kuma na'ura ba za ta nuna mana ba sai ciki ya kai wajen wata biyar. Abin da ke hannunmu mun yi.

Jiran nan ya yi tsawo, don haka na ce su riƙa zuwa. A mako na takwas ɗan ya kai girman wake, kai a sunkuye kan ƙirji, 'yan tsiron hannu da ƙafa sun ɓullo kamar ƙananan faranti. A lokacin ne leɓe ke haɗuwa daga gefe biyu, zuciya na rabuwa ɗaki-ɗaki, hanta da ƙoda da hanji kowane na kama wurinsa, duk a cikin abin da zai zauna a kan farcen babban yatsa. Laulayi ya sa Rabi a gaba, tana amai, amma takan jira cikinta ya lafa ta sha ƙwayarta. Wajen mako na goma ya kai tsawon dabino, yatsu sun rabu. Daga nan an kafa kusan komai, abin da ya rage girma ne da ƙwari. Ku lura da wannan: ranar da yawancin matanmu ke fara zuwa awo, an yi watanni da gama wannan aikin. Shi ya sa nake hana mai neman haihuwa shan kowane magani ko jiƙo ba tare da tambaya ba.

A ƙarshen wata na uku muka ga ƙoƙon kai ya zagaye cif, fari, babu gibi. Muna cikin kallo ɗan ya zabura ya miƙe ƙafa. Rabi ta yi 'yar dariya, karo na farko da na ji muryar dariyarta.

Ranar duba baya, Lawali bai je kasuwa ba, ya zauna a benci a waje. Na ɗora na'ura, ɗan ya kwanta rigingine, bayansa na ƙasa inda ba na gani. Na sa Rabi ta juya hagu, ta juya dama, ya ƙi. Na ce ta fita ta sha kunu ta zagaya asibiti. Ta dawo, yana nan yadda yake. Na sallami wasu mata, ta sake zagayawa. Sai a karo na uku ya kifa. Na kama layin daga wuya, na bi shi a hankali, ƙashi bayan ƙashi, ƙirji, tsakiya, ƙugu, inda na wancan ya buɗe. Layukan suka wuce tare har suka haɗu a ƙarshe, ga fata ta rufe su lumui. Na juya kan na'urar na sake bi a gicciye. Na koma kai, babu ruwan da ya wuce ƙa'ida. Na kira likita ya bi da idonsa. Ya ɗaga kai ya ce, "Alhamdulillahi." Na gaya musu abin da muka gani lafiya ne, amma na'ura ba ta ganin komai duka, sai an haihu za a tabbatar. Inna Kulu ta ce, "Mun ji. Za mu jira."

Haihuwar da rana ta zo, a nan Bunguɗu. Ba ni ke ɗakin haihuwa ba, amma Inna Kulu ta aiko aka kira ni, na bar na'ura na tafi. Ina shiga ana yanke cibiya, jariri na tsala kuka. Ungozomar da ta karɓa ta goge shi ta naɗe a zane, ta buɗe baki za ta yi albishir, sai tsohuwar ta miƙa hannu biyu.

Ta ce, "Ba ni nan."

Ta kifa shi a kan hannunta, ta janye zanen daga baya. Ta sa yatsanta a ƙeya ta gangaro a hankali har ƙasa. Ta koma ta sake. Ta kai shi bakin taga inda haske yake, ta duba da ido.

Rabi ta ɗago kai daga gado da ƙyar. Ta ce, "Inna?"

Inna Kulu ta ce, "A rufe yake, ɗiyata. A rufe yake ruf."

Lawali na tsaye a bayan tagar tun safe. Ya ji. Muka ji ya yi hamdala da ƙarfi, mutanen da ke benci suna taya shi. Can ya matso jikin taga ya ce, "Inna, to mi anka samu? Namiji ko mace?"

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi ungozomar, ta dubi abin da ke hannunta. Ta ce, "Au. Wallahi ban duba ba."

Sai a lokacin ta juyo da jaririn ta buɗe zanen ta gaba. Mace ce.